Wace Fulawa Ce Wannan? Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Baƙuwar Shuka da Renonta a Gidajen Kaduna

Da damina ta kankama sai tambayoyi su yi ta zuwa iri ɗaya. Wani ya ga wata 'yar bishiya ta yi fure a jikin katangar maƙwabci, wata ta tarar da ita a gidan da suka kama haya, wani kuma reshe aka kawo masa tsaraba a leda, kowa na son sanin mece ce, kuma yaya zai yi ta rayu a gidansa. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tattara a nan. Abin da nake magana a kai shi ne tsiro mai itace da ke fitar da rassa tun daga gindi, wanda ba ya cika wuce tsayin katanga, irin su lalle da bini da zugu.

Malam, me zai sa in wahalar da kaina neman sunanta? Ai kyanta ne ya ja ni.

Sunan ne zai gaya maka ko tana da dafi, ya gaya maka iyakar girmanta, da ko rana take so ko inuwa. Ga misali. Akwai fulawar nan mai ja da ruwan lemo, mai dogayen gashi a tsakiyar fure, wadda masana ke kira Caesalpinia pulcherrima. Ba ta cika wuce mita 3 ba, tana zama lafiya lau a harabar gida. Tana da 'yar uwa, Delonix regia, 'yar asalin tsibirin Madagaska, wadda ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu tana jan fure gab da faɗuwar damina. Suna ƙanana a leda, ganyensu ya yi kama sosai, mitsi-mitsi irin na ɗorawa. Amma ta biyun babbar bishiya ce, tana kai mita 10, saiwarta na bin saman ƙasa tana ɗaga daɓe da intalok. Wanda ya dasa ta taku biyu daga katanga bisa zaton ta farkon ce, ƙarshenta sai ya nemi mai gatari. Kama da wane ba ta wane. Shafa jikin reshen a hankali: ta farkon tana da 'yan ƙayoyi, ta biyun sumul take.

To daga ina zan fara dubawa?

Kada ka tsaya a launin fure, shi ne ya fi yaudara. Fulawa ɗaya na iya zuwa da ja, da fari, da rawaya. Ganye ya fi riƙe amana, domin yana nan ko an daina fure.

Fara da yadda ganyen ya zauna a jikin reshe. Wani bibbiyu yake fitowa suna fuskantar juna, kamar na iksora, fulawar nan mai ƙananan jajayen furanni a dunƙule. Wani ɗaya nan ɗaya can, hagu da dama, kamar na habiskus, mai babban fure irin na kuɓewa, da boganbiliya, mai ƙayar nan da ke rufe katanga. Wani kuma uku ko huɗu ne suke kewaye gaɓa ɗaya. Sannan ka duba ko ganyen guda ne ɗungum kamar na mangwaro, ko kuwa ƙanana ne da yawa a kan tsinke ɗaya kamar na darbejiya da zogale. Dubi bakinsa, mai zarto ne ko sulɓi.

Daga nan sai ka tsinki ganye ɗaya ka kalli wurin da ya tsinke. In farin ruwa ya tsatso kamar na tumfafiya, ka sami babbar alama, kuma ka sami gargaɗi: yawancin masu irin wannan ruwa suna da dafi ko suna ƙona fata. Kada ya taɓa maka ido, kuma ka wanke hannu da sabulu. Murza ganyen ka shinshina, wasu kamar lantana, mai 'yan furanni launi-launi a dunƙule, warinsu kaɗai ya isa ya tona su. Ɗanɗanawa kuwa babu ita ko kaɗan.

Sai a zo kan furen. Ƙirga kunnuwansa, ka duba ko a rarrabe suke ko sun haɗe sun yi mazurari. Ɗaya-ɗaya yake fitowa ko a dunƙule? Da dare yake ƙanshi ko da rana? In akwai 'ya'ya ko kwanso, su ma ka duba, har da waɗanda suka zubo a gindi. Ka kuma riƙe watan da ka ga furen, domin a Kaduna wasu da damina suke yi, wasu sai hunturu ya shigo.

Tawa rawaya ce mai kama da kakaki. Wacce ce?

Uku ne suka fi yawa a gidajenmu da wannan siffa, kuma ya kamata kowane mai gida ya iya rarrabe su, don ɗaya daga cikinsu tana kisa.

Ta farko ita ce Thevetia peruviana, wadda wasu littattafai ke rubutawa Cascabela thevetia. Ganyenta siriri ne dogo, mai sheƙi, bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Furenta ba ya buɗewa sosai, kamar an ɗan murɗe shi. In ka tsinki ganye, farin ruwa zai fito. Ɗanta kore ne mai kusurwa, ya ɗan fi goro ƙanƙanta ko ya yi kusa da shi, in ya nuna ya koma baƙi, a ciki akwai ƙwallo mai tauri. Komai na jikinta dafi ne, ƙwallon ya fi, kuma zuciya yake kamawa. Tana jure fari, akuya ba ta cika taɓa ta ba, shi ya sa aka cika ta a makarantu da gefen hanya.

Ta biyu alamanda ce, 'yar asalin Birazil. Furenta ya fi girma, yana buɗewa fayau, ganyenta mai faɗi ne, uku ko huɗu a gaɓa ɗaya, rassanta kuma na son jingina da katanga ko waya. Ita ma tana da farin ruwa, yana sa ƙaiƙayi a fata, in an ci yana sa amai da zawo.

Ta uku Tecoma stans. Ita ba ta da farin ruwa. Ganyenta irin na darbejiya ne, ƙanana da yawa a tsinke ɗaya masu bakin zarto, furenta a dunƙule yake fitowa, bayan ya zube sai ka ga dogayen kwanso sirara suna reto. In gidan akwai yara ƙanana kuma rawayar ake so, ita nake ba da shawara. Aibinta ɗaya: irinta na bin iska ya tsiro ko'ina, sai a riƙa cire kwanson kafin ya bushe.

Wannan mai ƙaya da ke rufe katanga da ja ko shunayya fa?

Boganbiliya ke nan, a rubuce Bougainvillea. Daga Kudancin Amurka ta fito, an sa mata sunan wani jagoran jirgin ruwa ɗan Faransa, Louis Antoine de Bougainville, wanda masanin tsirran da ke cikin tawagarsa ya ci karo da ita a Birazil a shekarun 1760. Matsa kusa ka kama ɗaya a hannu. Abin da kake ɗauka fure ne, ganye ne mai launi, guda uku, shara-shara, har jijiyoyinsa ana gani in ka ɗaga shi ga rana. Furen gaskiya yana tsakiyarsu, 'yan mitsi-mitsi farare a kan siraran bututu. A ganina babu baƙuwar fulawar da ta karɓi Kaduna kamarta, domin lokacin da komai ya yi ƙura ya bushe, daga hunturu zuwa bazara, lokacin take cika da launi.

Manhajar waya ba za ta raba gardama ba?

Tana taimakawa ƙwarai. PlantNet, da Google Lens, da iNaturalist duk kyauta ne, kuma a kan fulawar da ta zaga duniya irin su iksora da habiskus da wuya su kuskure. Sun fi rauni a kan tsirran dajinmu, saboda hotunansu ba su yi yawa a intanet ba. Ɗauki hoto da hasken safe ko na yamma: fure ta gaba, fure ta gefe, ganye sama da ƙasa, reshe inda za a ga zaman ganye, sai tsiron gaba ɗaya. Sunan da manhajar ta ba ka, ka ɗauke shi a matsayin zato. Sake neman wannan sunan, ka gwada hotunan da abin da ke gabanka, ganye da ganye. Kuma kada wani ya sha ko ya ci wani tsiro don waya ta ce magani ne.

In wayar ta kasa, wa zan tambaya?

Masu sayar da shuke-shuke a gefen manyan titunan gari sun san kayansu a aikace, ko da sunan da za su ba ka na kasuwa ne. In tsiron na daji ne, tsofaffi, da mafarauta, da makiyaya, da masu sayar da sassaƙe a kasuwa sun fi kowa sanin sunansa na Hausa. Da sunan Hausa ana iya kaiwa ga na kimiyya, domin tun 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, wasu kuma sun ɗora a kai. Sai dai a kula, suna ɗaya kan hau tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma kan sami suna daban a Zazzau da Sakkwato. Wannan ruɗanin ne sunan kimiyya ke warwarewa, tsarin suna biyu da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa a 1753.

Wanda ke son tabbaci, akwai ɗakin adana busassun tsirrai a sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. A nan kusa kuma akwai kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka, ta wajen Mando. Kada ka je da ganye ɗaya tilo. Yanki reshe mai tsawon taƙi, da ganye da fure, da ɗa in akwai, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da abu mai nauyi, ka rubuta inda ka samo shi da watan.

Ina da yara ƙanana. Waɗanne zan guje wa?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. Bayan Thevetia da na ambata, akwai 'yar uwarta Nerium oleander, mai fure ruwan hoda ko fari ko ja, ganyenta dogo mai kauri, uku-uku a gaɓa. Ita ma zuciya take kamawa. Ba a yin tsinken tsire da itacenta, ba a hura wuta da shi. Akwai zaƙami, wanda kowa ya san abin da yake yi wa hankali, furensa fari mai kyau amma ba shi da wurin zama a gidan yara. Akwai bini da zugu, wanda ƙwayarsa ke yi wa yara ɗanɗanon gyaɗa, su ci su kama amai da zawo. Akwai zurma. Akwai ɗanyun 'ya'yan lantana. Ƙariya ma, duk kyanta, da ruwan jikinta ake haɗa dafin kibiya.

In yaro ya ci wani abu daga cikinsu, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, a tafi da reshen ko ɗan da ya ci don likita ya gani. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kuma kada a ce bari a ga abin da hali zai yi, domin dafin Thevetia kan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna. In farin ruwa ne ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.

Waɗanda hankali ke kwanciya da su: habiskus, iksora, lalle, rumman, Tecoma, da boganbiliya in an nisanta ƙayarta daga wurin wasa. Habiskus ma ɗan gida ne, danginsu ɗaya da yakuwa da rama da kuɓewa da auduga. Dubi furen kuɓewa ka dubi nasa, za ka gani.

Muna kiwon tumaki a gida.

To a nisanta lantana. Tana lalata hantar shanu da tumaki, ta sa musu shawara, fatarsu ta riƙa ƙuna a rana. Nerium kuwa ganye kaɗan ya isa ya kashe dabba, busasshe ko ɗanye, don haka in an datse ta kada a zubar da rassan inda dabbobi ke kaiwa. Habiskus ba ya cutar da su, su ne ke cutar da shi, sai an kewaye shi da waya.

Maƙwabci ya yarda in yanki reshe. Yaya ake yi ya kama?

Zaɓi reshen da ya fara ƙwari, wanda ya bar kore shar ya soma komawa ruwan ƙasa, mai kaurin fensir. Yanka tsawon santimita 15 zuwa 20 da wuƙa mai kaifi, daf da ƙasan gaɓa, domin daga gaɓa saiwa ke fita. Cire ganyen ƙasa duka, ka bar biyu ko uku a sama, in manya ne ka rage su rabi. Fure da ƙunshin fure duk ka cire, ko da ranka bai so, don suna shanye ƙarfin da reshen zai yi saiwa da shi. Cika leda da yashi da turɓaya rabi da rabi, ka huda gindinta, ka soka reshen har rabinsa ya shige, kan a sama. Ajiye a inuwa mai haske, ƙarƙashin mangwaro ko gefen ɗaki. Ƙasar ta zauna da danshi, kada ta jiƙe sharkaf. Yi guda biyar ko shida, ba duka ke kamawa ba. Cikin mako 4 zuwa 8 za ka ga sabon toho. Kada ka riƙa zaro shi kana leƙen saiwa.

Masu ruwa a jiki, irin su ƙariya da Plumeria (mai kaurin rassa da fure mai ƙanshi) da dangin tinya, nasu daban ne. Su sai a bar yankan ya sha iska a inuwa na wasu kwanaki har bakin ya bushe, sannan a soka a yashi. In aka soka da ɗanyen yanka, ruɓewa yake.

Wanda ya ƙi kamawa ta wannan hanya, kamar wata iksorar, a yi masa ɗauri yana jikin uwarsa. A zagaye reshe a ɓare ɓawonsa faɗin santimita 2, a dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki a wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata biyu za a hango fararen saiwoyi ta cikin ledar, sai a yanke ta ƙasan ɗaurin a dasa. Masu iri a kwanso mai tauri kamar Caesalpinia kuwa, a ɗan kankare bayan ƙwayar a jiƙa ta kwana ɗaya, sai a shuka.

In saya zan yi, me zan duba?

Ɗaga ledar ka dubi gindinta. 'Yan saiwoyi farare na leƙowa, alama ce mai kyau. In saiwar ta yi kauri ta huda ledar ta shige ƙasa har sai an fizge, shukar za ta sha wuya bayan dashe. Ka ɗan ja reshen a hankali, in ya taho ba turjiya, bai yi saiwa ba tukuna, ko da akwai fure a kansa. Juya ganye ka duba ƙwari. Sabon toho ya fi yawan fure muhimmanci.

Yaushe ne lokacin dashe a Kaduna, kuma yaya zan gyara wurin?

Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka, sai a shafe wata biyar babu ɗigo. Shukar da aka dasa a Yuni tana da watanni huɗu na kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Wadda aka dasa a Oktoba kuwa da jarka za a rene ta har bazara. A Agusta kowace fulawa kyau take yi, a Maris ake sanin wadda ta dace da gidanka.

Ƙasar yawancin unguwanninmu ja ce mai tsakuwa, wani wurin ma da ka yi ƙasa kaɗan sai marmara. A sababbin gidaje kuma ɓaraguzan bulo da siminti ne binne a ƙarƙashin yashi. Haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, ka kwashe duk ɓaraguzan, ka zuba bokitin ruwa ka gani. In bayan 'yan sa'o'i ruwan na nan kwance, wurin zai kashe shuka da marka, sai ka fasa marmarar ko ka tada kunya ka dasa a sama. Cakuɗa ƙasar saman ramin da ruɓaɓɓen kashin shanu, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya daɗe a ajiye ya ruɓe ya huce. Yaga ledar da reza, kada ka fasa dunƙulen ƙasar, musamman ga boganbiliya mai saiwa laushi. Kada wuyan shukar ya nutse fiye da yadda yake a leda. Bar aƙalla mita 1 tsakaninta da katanga, kuma nesa da sokawe. Da yamma ake dashe.

Ruwa na yi mana wuya da rani. Sau nawa zan ba ta?

Sabuwar dashe kullum ko bayan kwana ɗaya, har ta kama. Wadda ta shekara a ƙasa, bayi mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taso sama, rana ta ƙone ta. Yi mata 'yar kwarya da ƙasa a kewayen gindi don ruwa ya tsaya, ka rufe da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa, amma ka bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen saboda gara. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna yi. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa yana lalata ƙasa a hankali.

Wata dabara mai sauƙi: binne ƙaramin tulun ƙasa har wuya kusa da shukar, ka cika shi da ruwa ka rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, murfin kuma ya hana sauro ƙwai.

Ganye sai ka ce me, amma ba fure. Me ya faru?

Ko inuwa ta yi yawa, ko gata ya yi yawa. Boganbiliya, da habiskus, da alamanda, da Caesalpinia na son rana ta kusan sa'a 6 a yini. Takin yuriya kuma ganye yake turowa. In za a sa na zamani, ɗan NPK 15-15-15 cikin cokali ɗaya ko biyu, a barbaɗa nesa da gindi a farkon damina, ya wadatar. Boganbiliya ta fi kowa wannan hali: in kana ba ta ruwa kullum ba za ta yi maka fure ba. Janye mata ruwa har ganyen ya ɗan yi laushi, sannan ka ba ta. Aski ma yana da lokaci. Bayan fure ya zube ake datsewa, wanda ke bin shukarsa da almakashi kowane mako kan furen yake yankewa.

Ganyen iksorata ya koma rawaya, jijiyoyin kawai ne kore.

Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma galibi siminti ne sila. Iksora 'yar Asiya ce mai son ƙasa mai ɗan tsami, mu kuma jikin katanga da gefen daɓe muke jera ta, inda siminti ya kashe tsamin ƙasar. Kada a zuba mata toka, ƙara ta'azzara abin take yi. A ƙara mata ruɓaɓɓen ganye da taki, in abin ya ƙi a matsar da ita. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne ke rawaya suna zuba da damina, duba gindi, wataƙila ruwa ne ya kwanta.

Wani farin abu kamar auduga ya manne a habiskus ɗina, ga tururuwa na hawa da sauka.

Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka. Kai yatsa ka murje ɗaya, za ka ga ɗan jiki mai laushi a ƙarƙashin farin, ya bar maka danshi a yatsa. A hammatar ganye da kan toho yake taruwa, toho ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Yana fitar da ruwa mai zaƙi, shi tururuwa ke bi, shi ne kuma ke sa ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Yanke rassan da abin ya ci ƙarfinsu ka ƙone. Sauran ka fesa musu ruwa mai ɗan sabulu, ƙaramin cokali a lita ɗaya, da yamma, har ƙarƙashin ganye, ka maimaita bayan mako. Daka ganye ko 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace a haɗa da ruwan sabulun yana ƙara ƙarfi. Ban goyi bayan a ɗauko maganin feshin gona a yi amfani da shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe, kaji ke kiwo ba.

Gaskiya ne fulawa mai ƙanshin dare tana jawo maciji?

Ƙanshi ba ya kiransa. Maɓoya yake nema, da sanyi, da abinci, wato ɓera da kwaɗo da ƙadangare. Kowace shuka aka bari ta yi duhu har ƙasa, ga tarin bulo ko itace a gefe, ta zama masauki. A ɗage rassan ƙasa yadda za a riƙa hango gindi, a share. Sauro ma haka: a duhun ganye yake hutawa da rana, amma a kwantaccen ruwa yake haihuwa, har da wanda ke taruwa a farantin ƙarƙashin tukunyar fulawa.

Na sayo wardi mai kyau a Jos, da na kawo Kaduna sai ya lalace.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kaduna kuwa wajen rabin haka, kuma zafinmu na Maris da Afrilu kan haura digiri 35. Wardi na iya rayuwa a nan, sai dai furensa ba zai kai girman na can ba. A sa shi inda zai sami ranar safe, katanga ko bishiya ta kare shi daga ta la'asar, a ba shi taki da ruwa a kan kari. In za a sake kawowa, a kawo da damina.

Babu namu na gida da za a iya shukawa don ado?

Akwai, kuma yana damuna yadda muke wuce su a hanyar ƙauye ba mu ko waiwaya. Gauɗe na yin farin fure mai ƙanshi wanda ke komawa rawaya kafin ya faɗi. Runhu na cika da rawayan fure da rani. Minjirya na zubar da ganye ta fito da jan fure tsantsa, kuma sanda kawai ake kafawa ta kama, shi ya sa ake shinge da ita. Ɗunɗu na da fure mai reto, rabi ruwan hoda rabi rawaya, sai dai ga ƙaya ga yaɗo ta saiwa, don haka sai fili mai faɗi. Ƙariya na fure ruwan hoda a tsakiyar rani ba ganye ko ɗaya a jikinta, ta dace da gidan da babu ƙananan yara. Lalle kuwa ya haɗa komai: shinge, da ƙanshin fure da yamma, da ganyen ƙunshi, ga jure fari. Duk waɗannan sun saba da hunturunmu da ƙasarmu, in sun kafu ba sa jiran mai ruwa.

Kada a tumɓuko babba daga daji. Saiwarsu na nutsawa ƙasa sosai, in ta tsinke da wuya su rayu, an yi asara biyu. A ɗebo iri in ya bushe, ko a yanko reshe.

Gidan haya nake, ko'ina siminti. Zan iya?

Sosai ma. Bokitin fenti mai lita 20, ko jarkar da aka yanke, ko tsohuwar randa duk sun isa. Huda gindin wuri huɗu ko biyar, ka ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa fita, kuma zafin daɓe kada ya dafa saiwa. Ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya. Iksora, da habiskus, da boganbiliya, da rumman duk suna zama a tukunya, boganbiliya ma ta fi fure in tukunyar ta ɗan matse ta. Da bazara shukar tukunya na buƙatar ruwa kullum, baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi, sai a naɗe ta da buhu ko a shafa mata farin fenti. Da marka a duba ramukan kada su toshe, ƙariya kuma a janye ta ƙarƙashin rumfa. Duk shekara biyu, a farkon damina, a zaro shukar a rage saiwar da ta nannaɗe, a sake mata sabuwar ƙasa.